Idan ba a sa wa masana'anta rana ba

Duk sanda wata gwamnati ta ce za ta ɗora wa masana'antu sabuwar doka, ko kan hayaƙi ko kan shara, kukan da ke tashi ɗaya ne: abin ba zai yiwu ba, fasaha ba ta kai nan ba, kaya za su yi tsada, ma'aikata za su koma gida. Ba na cewa kukan nan ƙarya ne ko da yaushe. Amma ba na ba shi nauyin da masu yin sa ke so a ba shi, kuma dalilina wani kumburarren gwangwanin ƙarfe ne da ke ƙarƙashin kusan kowace motar fetur ta zamani, tsakanin inji da salansa, wato matatar hayaƙi. Tarihinta, da na injinan da ke lanƙwasa ƙarfe da masu ɗura kaya a gwangwani da kwali, ya zaunar da ni a kan ra'ayi guda. Dabara ba ta taɓa yi wa duniya ƙaranci ba. Mai wuyar shi ne a mayar da dabara kayan da inji zai riƙa fitarwa sau miliyoyi, iri ɗaya, a farashin da jama'a za su iya. In kuwa ribar wannan wahala ba aljihun kamfani za ta shiga ba, to kamfani ba zai kusance ta ba sai hukuma ta sa masa rana.

Tun a shekarun 1940 mutanen birnin Los Anjelas na Amurka ke fama da wani hazo mai sa ido hawaye da maƙogwaro ƙaiƙayi. An zargi wata masana'anta, an rufe ta, hazo bai tafi ba. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan da ke koyarwa a jami'ar Caltech, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa a sararin sama hazon ke haɗuwa, idan rana ta bugi ragowar man da bai ƙone ba tare da iskar naitirojin oksaid, kuma motoci na cikin manyan masu fitar da su. A daidai wannan lokaci Eugene Houdry, injiniya Bafaranshe da ya koma Amurka, wanda ya riga ya yi suna a harkar tace ɗanyen mai, ya ƙera na'urar da za ta sauya hayaƙin mota kafin ya fita, ya karɓi takardar mallakar fasaharta a 1956. Ga ciwo an gano, ga magani a hannu. Amma har Houdry ya mutu a 1962 motocin kasuwa ba su ɗauki na'urarsa ba.

Babban dalili dalma ce. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa zuba wani sinadari mai dalma a fetur yana hana inji ƙwanƙwasa, daga 1923 kuma aka fara sayar da irin wannan fetur. Dalma kuwa tana kashe matatar hayaƙi: tana shafe ƙarafan da ke aikin, kafin a yi nisa matatar ta koma gwangwani kawai. Sai aka shiga jiran juna. Masu ƙera mota ba za su sa matata ba tunda yawancin gidajen mai ba su da fetur marar dalma. Masu tace mai ba za su daina zuba dalma ba tunda babu motar da ke neman hakan. Kowane ɓangare na da hujjarsa, kowane kuma na jiran ɗan'uwansa ya fara yin asara. Mai shaƙar hayaƙin ba ya cikin cinikin, ba kuma wanda ya tambaye shi.

A ƙarshen 1970 majalisar dokokin Amurka ta zartar da gyaran dokar tsabtace iska, wanda Sanata Edmund Muskie ya jagoranta, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu ranar 31 ga Disamba. Dokar ta ce motocin 1975 su rage kabon monoksaid da ragowar mai da kashi 90 cikin ɗari, na 1976 kuma su yi wa naitirojin oksaid irin wannan ragi. Masu rubuta dokar sun san babu kamfanin da ke da hanyar cika sharaɗin a lokacin, da saninsu suka sa shi. Manyan kamfanonin mota na Amurka da ke birnin Detroit suka yi tsalle suka dire, suka ce ba za a iya ba, an kuma kai ruwa rana har aka ɗaga wa'adin fiye da sau ɗaya. Amma ɗagawa daban, sokewa daban. Da motocin 1975 suka fito, akasarinsu na ɗauke da matata, an kuma tilasta wa manyan gidajen mai sayar da fetur marar dalma tun daga tsakiyar 1974. Har bakin tankin sababbin motoci aka tsuke, yadda bakin famfon fetur mai dalma, wanda ya fi kauri, ba zai shiga ba.

Abin da ya fi burge ni a wannan doka shi ne ba ta ce a sa matata ba. Ta faɗi yawan gubar da aka yarda ta fita ta salansa, ta faɗi shekara, ta ja bakinta. Shi ya sa kamfanin Honda na Japan ya iya bin tasa hanyar: a 1972 ya fito da injin CVCC, mai wani ɗan ɗakin ƙuna na gefe da ke kunna mai kaɗan cikin iska mai yawa, ya kuma cika sharaɗin 1975 ba tare da matata ba. Wannan ya kunyata manyan kamfanonin da ke rantsuwar ba za a iya ba. Daga baya, da aka ƙara tsaurara ƙa'ida, matata ce ta ci gasar, har Honda ma ta koma kanta. Da 'yan majalisa ne suka zauna suka zaɓi na'ura a 1970, da wuya su zaɓi daidai, domin matatar da muke da ita yau ba ta wanzu ba tukuna.

A nan gizo ke saƙar. Sinadaran aikin sanannu ne: filatinam da faladiyam na taimaka wa iskar oksijin ta ƙarasa ƙona abin da inji ya bari, su kuma ba sa ƙarewa a aikin. Sai dai ƙarafa ne masu tsada irin ta zinariya, giram kaɗan kowace mota za ta iya samu. Dole a baza wannan 'yan giram ɗin yadda duk hayaƙin da ke fita a guje zai goge su cikin abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, ba tare da an shaƙe inji ba. Abin da za a shafa su a jikinsa kuma sai ya jure zafin da ke kaiwa digiri 800 ko fiye, ya jure ruwan sanyi da zai fantsamar wa gwangwanin a kan hanya, ya jure jijjiga ta shekaru. Sannan a ƙera miliyoyinsa cikin shekara huɗu. General Motors ta fara da cika gwangwani da ƙananan ƙwallayen alumina, wani farin sinadari mai jure zafi, da aka shafa wa ƙarafan. Ya yi aiki, amma da nauyi, yana tauye numfashin inji, ƙwallayen kuma na gugar juna suna zama gari.

Maganin da ya zauna daga Corning ya fito, kamfanin gilashi na jihar New York, kuma rabinsa ba ilimin sinadarai ba ne, aikin sassaƙa ƙarfe ne. Abin da ake so dunƙulen yumɓu ne mai dubban ramuka dogaye a jere, kamar saƙar zuma. An gwada naɗe siraran shimfiɗu masu lanƙwasa ɗaya kan ɗaya, aikin ya yi nawa. Sai Rodney Bagley ya fito da wani mazubi: farantin ƙarfe mai kauri, an huda ramuka zagayayyu ta bayansa har zuwa tsakiya, ta gaba kuma an yayyanka siraran tsaga a tsaye da a kwance, suna gicciye juna. Idan aka turo kwaɓaɓɓen yumɓu da ƙarfi, sai ya shiga ta ramukan, ya bazu hagu da dama cikin tsagar, ya sake haɗewa da maƙwabcinsa, ya fito ta gaba a matsayin bango-bango masu ramuka huɗu-huɗu a tsakani, dogo ba yankewa. A yanka shi gunduwa-gunduwa, a busar, a gasa. Irwin Lachman da Ronald Lewis su suka daidaita kwaɓin, daga hodar talk, wato garin wani dutse mai laushi, da farin yumɓu da alumina, wanda in an gasa shi a wajen digiri 1,400 yake zama kodiyarait, dutsen da zafi kusan ba ya sa shi buɗewa. Har ma turawar ta cikin mazubin na jera ƙwayoyin yumɓun su fuskanci gefe guda, wannan kuma na ƙara masa jure zafi.

Wanda ya taɓa ganin an yanka matata zai gane abin da nake nufi. Ka ɗaga dunƙulen ka saita shi da haske, sai ka ga hasken ta ɗaruruwan ƙananan ramuka. Ka ɗan karkata shi kaɗan, komai ya rufe. Ramuka 400 ne a kowane inci ɗaya murabba'i a irin da aka fi yi, akwai masu 600 da masu 900, bangon da ke tsakaninsu kuma bai fi kaurin takarda ba. Ba shi da nauyi a hannu, in ya faɗi ƙasa kuma ya tarwatse. A jikin wannan bango ake shafa wani ruwan alumina mai kaushi wanda ke ninka faɗin wurin sau dubbai, a cikinsa ƙarafan masu tsada ke zaune, ido ba ya ganinsu. Mutanen uku da suka yi wannan aiki sai a 2002 aka sa sunayensu a zauren karrama masu ƙirƙira na Amurka, bayan kusan shekara talatin, kuma har yau ko mai mota ɗaya cikin dubu ba zai iya kiran sunan ɗaya daga cikinsu ba.

Naitirojin oksaid ya rage, shi kuma akasin sauran biyun yake so: su a ƙara musu oksijin, shi a cire masa. John Mooney da Carl Keith na kamfanin Engelhard suka nuna cewa matata ɗaya za ta iya aikin uku in an ƙara rodiyam, wani ƙarfe mai tsada dangin filatinam, muddin inji na shan iska da fetur a ma'auni madaidaici, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na fetur. Riƙe inji a wannan siririn layi ya fi ƙarfin kafireta ita kaɗai. Sai da kamfanin Bosch na Jamus ya kawo sensa mai auna oksijin a cikin hayaƙi, Volvo ta haɗa su a motocin da ta kai Kalifoniya a 1976. Daga nan hanyar da ta kai ga kwamfutar da ke cikin kowace mota yau ta buɗe.

Akwai kuma wani mataki da ba a ba da labarinsa, ni kuma shi ya fi ɗaukar hankalina: sa dunƙulen a cikin gwangwani. Ga abu mai fashewa wanda zafi ba ya buɗa shi, ga gwangwanin ƙarfe marar tsatsa wanda zafi ke buɗa shi ninki goma ko fiye. Da mota ta yi zafi, gwangwani zai saki abin da ya riƙe. Saboda haka ake naɗe dunƙulen da wata tabarmar zaren yumɓu, wata irin ma har da sinadarin da ke kumbura in ya ji wuta, ta cike giɓin. In riƙon ya yi sako-sako, dunƙule zai riƙa motsi, hayaƙi ya bi ta gefe ya cinye tabarmar. In ya yi tsauri, siraran bangon su murƙushe. Tsakanin biyun tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba. An yi ta neman hanya. Wasu suka buga rabi biyu a injin matsa suka haɗe da walda. Wasu suka tura dunƙulen cikin bututu ta bakin mazurari. Wasu suka naɗe farantin ƙarfe a jikinsa suka ɗaure tam kafin walda. Wasu suka sa shi a bututu mai ɗan faɗi, sannan muƙamuƙan inji suka matse bututun daga waje. Tunda kowane dunƙule na fitowa daga wuta da ɗan bambancin kauri, kowace tabarma kuma da nauyinta, layukan zamani na auna kowane ɗaya, su lissafa, su matse gwangwaninsa daidai da shi. Bakin gwangwanin ma, maimakon a yi masa waldar mazurari, ana iya jujjuya shi a inji, rola tana tura ƙarfen a hankali har ya tsuke ya dace da bututun salansa. A Jamus kuma kamfanin Emitec, wanda aka kafa a 1986, ya bi hanyar barin yumɓu ɗungurungum: siririn fallen ƙarfe mai kromiyam da alminiyam ake lanƙwasawa a naɗe.

Rumbunan takardun mallakar fasaha cike suke da irin waɗannan: yadda za a riƙe tabarma kada ta zame, yadda za a tsuke bakin bututu ya karkata gefe. Mutane kan yi musu dariya, wai an mayar da matse gwangwani ƙirƙira. Ni ban ga abin dariya ba. Matatar da ta ruguje bayan shekara ɗaya ba ta tsabtace iskar kowa ba, duk kyan sinadaran da ke cikinta. Amma kada a ɗauka takardar mallaka ce ke haifar da waɗannan abubuwa. Tana kare wanda ya yi, tana kuma tilasta masa bayyana yadda ya yi, wannan ciniki ne mai kyau. Buƙata dai ba ta ƙirƙiro ta. A zamanin Houdry shekara 17 takarda ke yi a Amurka, tasa ta 1956 ke nan ta ƙare a 1973, shekara biyu kafin kasuwar da ya yi mafarki ta buɗe.

Harkar ɗura kaya ta nuna iyakar maganata, ta kuma tabbatar da ita. Gwangwanin abin sha na alminiyam abin mamaki ne na lanƙwasa ƙarfe: daga faifai ake buga ɗan kofi, a tura shi ta cikin zobba masu raguwar faɗi, bangonsa ya miƙe ya sirance har ya kusa kaurin gashi, layi ɗaya kuma na iya fitar da wajen 2,000 a minti. Shekara da shekaru ana rage masa nauyi har ya sauko ƙasa da giram 15, an tsuke wuyansa don murfi ya ƙanƙance. Babu dokar da ta sa a yi haka. Kowane ɗigon alminiyam da aka rage riba ce ga mai masana'anta, don haka bai jira kowa ba. Inda riba da amfanin jama'a suka kama hanya ɗaya, hukuma ta tsaya gefe, ba a buƙatarta.

Dubi murfin wannan gwangwanin kuma. Ermal Fraze na birnin Dayton a jihar Ohayo shi ya ƙirƙiro murfin da ake buɗewa da yatsa, ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1960. Ɗan ƙarfen da ake fizgewa yana fita gaba ɗaya, mutane na yar da shi. Ya cika bakin teku da wuraren shaƙatawa, yana yanka ƙafafu, masu jefa shi cikin gwangwani kuma wasu suka haɗiye shi. Kamfani ba ya asarar komai a wannan. Jihar Oregon ta haramta irin wannan murfi a dokarta ta 1971, wasu jihohi suka bi, a 1975 kuma Daniel Cudzik na kamfanin Reynolds ya fito da murfin da ke danna ciki ya zauna a jikin gwangwani, wanda duniya ke amfani da shi yau. Tarayyar Turai ta maimaita darasin da marfin robar abin sha: dokar 2019 ta ce daga Yulin 2024 dole marfi ya zauna maƙale da wuyan roba. An yi gunaguni, wasu har yanzu na cewa yana taɓa musu hanci, amma an sake mazubai, layuka na gudu.

Kwalin madara da lemo na Tetra Pak kuwa ya nuna abin da ke faruwa idan ba wanda ya yi tambaya. Erik Wallenberg ya fito da siffar kwalin farko a 1944 a kamfanin Ruben Rausing a Suwidin, amma sai 1952 injin farko ya fara aiki, shekara takwas ana fama da yadda za a shafa wa takarda roba da yadda za a liƙe bututun takarda alhali yana cike da ruwa. Da aka ƙara fallen alminiyam da dabarar kashe ƙwayoyin cuta, madara ta iya yin watanni ba firji, wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai kwalin takarda ne da roba da alminiyam a manne, raba su kuma aiki ne da yawancin garuruwan duniya ba su da injinsa. An warware duk matsalar da mai saye zai biya a warware. Wadda ta rage, ta bayan an sha an yar, ba ta da mai biya.

To, mai ja da ni yana da abin faɗa, kuma ba kaɗan ba. Na farko, gubar da aka cire daga titunan manyan birane ba ta ɓace kyauta ba. Wajen kashi 70 cikin ɗari na filatinam ɗin da ake haƙowa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, haka mafi yawan rodiyam, daga ramuka masu zurfi da zafi. A Marikana, mahaƙar filatinam, 'yan sanda suka harbe ma'aikata 34 masu yajin aiki ranar 16 ga Agustan 2012. Kaso mai yawa na faladiyam kuma daga Norilsk ta Rasha ne, garin da ya yi ƙaurin suna wajen gurɓatar iska. Na biyu, matata ba ta taɓa matsalar ɗumamar yanayi ko kaɗan, domin kabon dayoksaid take mayar da gubar. Na uku, ba ta fara aiki sai ta kai wajen digiri 250 zuwa 300, shi ya sa kaso mai yawa na gubar motar zamani ke fita a mintunan farko bayan an tayar da ita, shi ya sa kuma aka matso da ita kusa da inji. Na huɗu, doka na haifar da maguɗi. A Satumban 2015 aka bankaɗo cewa Volkswagen ta sa wa motocin dizal kusan miliyan 11 manhajar da ke gane lokacin gwaji, ta yi ladabi a ɗakin gwaji, a kan titi kuma ta saki naitirojin oksaid ninkin-ba-ninkin.

Duk na yarda da su. Amma in ka duba da kyau, babu ɗaya a ciki da ke cewa da ba a yi dokar ba ya fi. Maguɗin Volkswagen ya nuna an sa ƙa'ida an bar awo a baya, Turai kuma ta gyara daga 2017 ta hanyar ɗaura wa mota na'urar awo a fita da ita kan titi. Halin da mahaƙa ke ciki wata asara ce da ake ɗora wa wanda ba ya cikin ciniki, irin wadda aka daɗe ana ɗora wa mai shaƙar hayaƙi, maganinta kuma iri ɗaya ne. A ɗaya gefen ma'aunin kuwa akwai ribar da ko Muskie bai sa ta a gaba ba. Saboda a kare matata aka fara janye dalma daga fetur, masu binciken lafiya kuma suka samu ƙofar tura maganar har ƙarshe. Amurka ta haramta fetur mai dalma a motocin titi daga farkon 1996, Turai ta wajabta ƙa'idar da ta sa matata ta zama dole a farkon shekarun 1990, ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da shi kuma ita ce Aljeriya, a 2021. Yawan dalmar da ke jinin yaran Amurka ya ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari tun daga ƙarshen shekarun 1970. Ba fetur kaɗai ya jawo ba, akwai fenti, akwai kuma gwangwanin abinci da a da ake liƙe gefensa da dalma, har injinan walda da gwangwani marar ɗinki suka kore ta. Dalma na rage wa yaro kaifin ƙwaƙwalwa har abada. Ban san da wane ma'auni za a ce tsadar matata ta fi wannan ba.

Saboda haka abin da nake nema daga masu yin doka, a ko'ina suke, bai da yawa. Su faɗi sakamakon da suke so da alƙalami, su sa shekara mai nisan da za a iya sake mazubi da layi, domin wannan ba aikin wata shida ba ne, su kuma auna abin a inda ake amfani da shi. Zaɓin na'ura su bar wa masu walda da masu sassaƙa mazubi. In kamfani ya ce ba za a iya ba, a saurare shi, a tambaye shi wane mataki ne ya gagara, amma a tuna cewa shi ne ɓangaren da zai biya.

Akwai wurin da za a gwada wannan yanzu. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam ya kusa dala 30,000, satar matata kuma ta zama annoba a Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe. Ɓarawo ya shiga ƙarƙashin mota da zarto mai batir, kafin minti biyu ya fito da ita, mai mota ya wayi gari injinsa na ruri. Yawanci matatar da aka yanke ba ta da wata shaidar da za ta danganta ta da motar da ta fito, don haka ko an kama mutum da tulinsu, tabbatar da sata na da wuya. Layin da ke iya auna kowane dunƙule ya matse masa gwangwani daidai da shi ba zai gaza zana lamba a jikin gwangwanin ba, lambar da za a haɗa da ta mota a rajista. Kamfanin mota ba ya asara in an sace, hasali ma sabuwa zai sayar, don haka da kansa ba zai yi gaggawa ba. Bai kamata kuma a hana cinikin tsofaffin matatu ba, domin daga cikinsu ake dawo da kaso mai tsoka na ƙarafan nan, kowane giram da aka dawo da shi kuma ya rage wanda za a shiga rami a haƙo. A yankunan Ingila da Wales na Birtaniya an hana masu sayen tsohon ƙarfe biya da tsabar kuɗi, dokar 2013 kuma ta wajabta musu lasisi da rubuta sunan mai kawo kaya. Lamba a jikin matata sai an haɗa ta da irin wannan rajista take da amfani, domin ɓarawo ba ya narkar da rodiyam a ɗakinsa, akwai wanda yake kai wa.